Yadda ake gina sana'ar mataimakiyar jaruma a fina-finai da talabijin na Amurka

Mataimakiyar jaruma ita ce mai fitowa a matsayin uwar jarumi, ko maƙwabciya, ko nas, ko alƙaliya, ko sakatariyar da ta san sirrin kowa a ofis. Hotonta ba ya hawa fasta, amma a Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, wasu kuma sun ci abinci da ita shekara 40. Abin da ke riƙe mace a cikinta shi ne masu zaɓen 'yan wasa su yarda da ita har su riƙa sake kiranta. Ofisoshinsu ba su da yawa, sun san juna, kuma ba sa mantawa.

Ki fara da sanin irin rawar da ake gani a fuskarki

Mai zaɓen 'yan wasa yakan karɓi ɗaruruwan hotuna, wani lokaci dubbai, a kan rawa guda mai layi uku. Ba shi da lokacin tunanin abin da za ki iya zama. Yana duba hoton ne ya tambayi kansa: wannan ta yi kama da malamar firamare ko da jami'ar 'yan sanda? Saboda haka ki tambayi mutanen da ba su san ki sosai ba shekarun da suke ba ki da aikin da suke zaton kina yi. Amsar da ta fi maimaituwa ita ce hajarki. Tazarar shekarun da za ki rubuta kada ta wuce biyar zuwa bakwai. Wadda ta ce tana iya fitowa daga 25 zuwa 50 ta nuna ba ta san kanta ba.

Sababbi da yawa suna gudun wannan, wai kada a ɗaure su a rawa ɗaya. Tsoron bai da amfani a farkon tafiya. Octavia Spencer ta fara fitowa a fim a 1996 a matsayin nas, ta sake yin nas sau da dama bayan nan, sai a 2012 ta karɓi kyautar Oscar ta mataimakiyar jaruma.

Horo ba ya ƙarewa. Akwai manyan makarantu irin su Juilliard da Yale, amma yawancin masu aiki ajin mako-mako suke zuwa a New York ko Los Angeles. Ki haɗa guda biyu: ajin wasa gaban kyamara, da ajin wasan da ake ƙirƙira nan take ba tare da rubutu ba, irin na Groundlings ko Second City, domin shirye-shiryen barkwanci da tallace-tallace suna neman wannan sosai.

Kayan aiki da masu wakiltarki

Abu uku ne. Hoton fuska mai launi, inci 8 da 10 idan za a buga shi, aƙalla iri biyu: ɗaya da fara'a, ɗaya a murtuke. Dole ya yi kama da ke a ranar da kika shigo ɗaki. Hoton da aka goge masa tamoji ya rage miki shekara goma yana sa a kira ki rawar da ba taki ba, a kuma ji haushinki. Sai takardar ayyukanki, shafi ɗaya, ba ƙarya a ciki, don ana dubawa a IMDb, shafin intanet mai jerin ayyukan 'yan fim. Sai guntun bidiyon ayyukanki na minti ɗaya zuwa biyu, fitowar da ta fi kyau a gaba, saboda ba kowa ke kallo har ƙarshe ba. In ba ki da komai tukuna, fina-finan ɗaliban jami'a da gajerun fina-finai su ne hanyar tara shi. Ana samun sanarwarsu a shafukan intanet na Actors Access da Backstage da Casting Networks.

Manyan ayyuka kuwa ba sa fitowa fili. Kamfanin Breakdown Services, mai rarraba sanarwar neman 'yan wasa, yana aika su ga wakilai da manajoji, shi ya sa kike buƙatar wakili. La'adarsa kashi 10 ce cikin 100 na abin da kika samu, kuma sai an biya ki yake karɓa. Manaja yakan ɗauki kashi 10 zuwa 15, aikinsa shawara da tsara tafiyar sana'a. A dokar Kalifoniya wakili mai lasisi ne kaɗai ke da izinin nemo miki aiki. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi tun farko kafin ya wakilce ki, ko ya tilasta miki zuwa wurin mai hotonsa, ki tashi ki bar wurin. Dokar Krekorian ta 2009 ta haramta wannan a jihar. Kada ki sa ido kan manyan ofisoshin wakilai irin su CAA ko WME ko UTA a yanzu. Ƙaramin ofishin da zai ɗaga waya dominki ya fi babban da sunanki zai ɓace a jerinsa.

Wadda ba 'yar ƙasa ba kuma ba ta da katin zama na dindindin, sai da bizar aiki, galibi O-1B, wadda ke neman shaidar cewa ta riga ta yi fice a sana'ar. Ba a aiki da bizar yawon buɗe ido.

Shiga ƙungiya, da lokacin da ya dace

SAG-AFTRA ce ƙungiyar 'yan wasan fim da talabijin. Ta samu ne daga haɗewar ƙungiyoyi biyu a 2012, tana da mambobi kimanin 160,000. Hanyoyin cancanta uku ne: a ɗauke ki rawa mai magana a aikin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiyar, ko ki yi kwana uku cikin masu cika taro a kan kwantiragin ƙungiyar, ko ki shekara a ƙungiyar 'yar'uwa kamar Actors' Equity ta 'yan wasan dandamali kin kuma yi aiki a ƙarƙashinta. Bayan aikinki na farko mai magana kina da kwana 30 da za ki iya ci gaba ba tare da kin shiga ba. In suka wuce, a Kalifoniya da New York sai kin biya kafin aiki na gaba. Kuɗin shiga kusan dala 3,000 ne, ban da kuɗin shekara da kashi 1.575 na abin da kika samu. Ki tanadi kuɗin tun kafin ranar ta zo, don kiran aiki ba ya jira.

Gaggawar shiga kuskure ce da ake yawan yi. Doka ta ɗaya ta ƙungiyar ta hana mamba yin aikin da ba na ƙungiya ba a ko'ina a duniya. Wadda ta shiga da bidiyo fanko ta rufe wa kanta ƙananan ayyukan da za ta koyi sana'a a cikinsu, ta kuma shiga takara da masu shekara 20 a fagen. A jihohi irin su Jojiya, inda doka ba ta tilasta shiga ƙungiya, za ki iya daɗewa kina da cancanta ba tare da kin biya ba. Atlanta, babban birnin Jojiya, ta cika da aiki tun 2008 saboda rangwamen harajin da ya kai kashi 30, kuma ƙananan rawa mazauna garin ake ba wa, don kamfani ba ya son biyan jirgi da otal. Kada ki ce ke mazauniya ce alhali kina wata jiha sai in kin shirya biyan kuɗin tafiyar da kanki, ko da an ɗage ranar sau biyu.

Gwaji

Tun 2020 yawancin gwajin farko a gida ake ɗaukarsa a aika. Ki kwantar da waya a kwance, a kan maɗauki, daidai tsayin idonki. Bango ya zama fili, toka-toka ko shuɗi. Haske ya zo daga gabanki. Taga a bayanki tana mayar da fuska inuwa. Hoton ya kama daga ƙirji zuwa ɗan saman kai. Mai karanta miki ɗaya ɓangaren ya tsaya dab da gefen kyamara ya kuma rage murya, domin ya fi ki kusa da makirufo, in ya ɗaga sai ya danne ki. Shi za ki kalla, ba cikin kyamara ba, sai lokacin faɗin sunanki da tsayinki da garin da kike. Ki sa wa fayil suna yadda aka ce, ki aika da wuri, saboda wasu ofisoshin suna fara kallo tun kafin wa'adi ya cika.

Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin aikin kwana 118 da SAG-AFTRA ta yi a 2023 ta sa iyaka: gwajin farko kada ya wuce shafi 8, a ba ki aƙalla awa 48, ba kuma dole ki haddace ba. Duk da haka ki haddace in da hali, don idon da ke kan takarda ba ya wasa.

Kuskuren da ya fi kashe masu neman ƙaramar rawa shi ne ƙoƙarin cika ta da kaya. A ce layinki shi ne, "Likita, ga sakamakon gwajin." Sabuwa za ta ja numfashi, ta girgiza kai, ta nuna nas ɗin tana da nata baƙin cikin. Wadda ta san aiki za ta miƙa takardar kamar yadda mai yin haka sau 30 a rana take yi, ta juya ta tafi. Fitowar ta likitan ce da majinyacinsa, aikinki ki kai labarin gaba. Zurfi yana da wurinsa idan rubutun ya ba da shi: Beatrice Straight ta ci Oscar a 1977 da fitowar da ba ta fi minti biyar da 'yan daƙiƙu ba.

In aka sake kiranki, ki sa kayan da kika sa a karon farko, kada kuma ki sauya wasan, shi suka gani suka so. Idan darakta ya ce ki gwada wata hanya, ki sauya da gaske ko da ba ki yarda da shi ba. Yana auna ko kina jin gyara ne. Rashin samun rawar sau da yawa bai shafi wasanki ba, wataƙila kin fi jarumin tsayi ko kin yi kama da jarumar. Ofishin da ya kira ki karo na huɗu bai ɗauke ki ba, nema miki gurbi yake yi.

Ranar aiki

Takardar jadawali tana zuwa da daddare. Ki iso kafin lokacin da aka rubuta, ki nemi mataimakin darakta na biyu, shi ne mai kula da ke. Ki karanta kwantiragi kafin ki sa hannu: kuɗin, yadda za a rubuta sunanki, da duk wani sashe kan kwafin surarki ta kwamfuta, wanda tun 2023 sai da yardarki. Fitowar da ta shafi tsiraici sai an ba ki sharuɗɗanta a rubuce awa 48 kafin ranar.

Ba a yi wa ƙaramar rawa dogon atisaye. Za a manna tef a ƙasa inda za ki tsaya, ki koyi isa kansa ba tare da kin kalli ƙasa ba. Taku ɗaya gaba, kin fita daga haske da saitin kyamara. Ana ɗaukar fitowa guda daga nesa, sannan daga kusa, sau da yawa. In kin ɗaga kofi da hannun dama a kan kalma ta uku, haka za ki yi kowane karo. In kika saɓa, mai tace fim ba zai iya haɗa guntayen ba, kuma abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya bar kyamara a kan jarumi ya yanke ki. Idan kyamara ta juya kan abokin wasanki, ki ba shi wasan da ƙarfinsa kamar ke ake ɗauka. Ana lura da wannan fiye da yadda ake zato. Kada ki ɗauki hoto, kada ki sa komai a intanet kafin shirin ya fita.

Kuɗi da hawa mataki

A talabijin matakan huɗu ne: 'yar layuka kaɗan ta kwana ɗaya, baƙuwar tauraruwa da labarin kashi guda ya rataya a kanta, mai dawowa lokaci-lokaci, sai ta dindindin. Kafin gwajin ƙarshe na rawar dindindin ake sa hannu a kwantiragin da zai iya ɗaure ki shekara shida ko bakwai, don haka a nan lauya ya zama dole. Akwai lokacin da wakilinki zai ce ki daina karɓar rawar kwana ɗaya domin a fara kallonki a mataki na gaba. Shawara ce mai kyau in kin tara irinsu da dama, amma tana zuwa da watannin zaman banza.

Mafi ƙarancin kuɗin kwana ɗaya ya tashi daga dala 1,082 zuwa 1,158 bayan yajin aikin, yana kuma ƙaruwa kowace shekara. Kamar da yawa, sai an yi lissafi. A 2023 sai mamba ta samu dala 26,470 a shekara kafin ta cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar, wato kimanin kwana 23 na aiki a wannan farashi, kuma mafi yawan mambobi ba sa kaiwa. Wakili yakan nemi kamfani ya ɗora kashi 10 a sama don la'adarsa, amma ta manaja daga aljihunki take fita. Tun 2018 kuma dokar harajin tarayya ta hana mai karɓar albashi cire irin waɗannan kuɗaɗen daga lissafin harajinta, shi ya sa masu samu da yawa suke buɗe kamfanin kansu a riƙa biyansu ta nan.

Abin da ke cike giɓi shi ne ladan maimaici, kuɗin da ake biya idan aka sake nuna aikin. Shirin da tashoshi ke ta maimaitawa yana iya biyanki shekaru, wani cakin kuma ko dala ɗaya ba ya kaiwa. Na dandalin kallo ta intanet bai kai na tsohon tsari ba, yana cikin dalilan yajin aikin. Don haka ki riƙe aikin gefe da za ki iya bari in kira ya zo, ki haɗa da tallace-tallace da aikin murya da wasan dandamali, kuma kuɗin babban aiki ki raba shi a kan wata 12.

Shekaru suna taɓa mataimakiya daban da jaruma. Akwai tsakanin da aiki ke ja baya, lokacin da kin wuce budurwa ba ki kai uwa ba a idon kyamara. A nan ake sabunta hoto a koma aji. Bayan nan rawar alƙalai da shugabannin ofis da iyaye suke buɗewa. Margo Martindale tana da shekara 60 ta karɓi kyautar talabijin ta Emmy a karon farko a 2011, Ann Dowd kuma 61 a 2017, dukansu a rukunin mataimakiyar jaruma.