Darasi na 7: Dakashi da Kunun Mai Jego

A karanta a hankali, kowa ya bi layi da yatsa.

Wata yarinya ta haifi ɗan fari da asuba. Kafin rana ta fito, surukarta ta shigo da ƙoƙo. Ta ce, "Tatso nonon nan a zubar, bai nuna ba." Aka tatsa, aka jefa tururuwa a ciki don a ga ko za ta mutu. Jariri kuwa sai ruwan dabino ake ɗiga masa da cokali.

Da ungozoma ta zo, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, abin da ake zubarwan nan shi ne rigakafinsa na farko."

Wannan nono mai kauri, mai launin ɗorawa, sunansa dakashi. Ba shi da yawa, amma cikin jariri ma ƙarami ne, ya ishe shi. Yana kare shi daga gudawa, yana kuma taimaka masa fitar da kashin farko. Makiyayi ba ya hana ɗan maraƙi dakashi. To, don me za mu hana namu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6. Ko ruwa ba a ƙarawa, ko da a zafin bazara ne, domin mafi yawan nono ruwa ne. Ruwan randa ko na rijiya yana iya kawo wa jariri zawo. Uwa ce za ta yawaita shan ruwa. Bayan wata 6 sai a fara kunu da gyaɗa ko wake, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 233.

Al'adar jego tana da alheri: ana hutar da mace, ana ba ta nama da farfesu. Wannan a riƙe shi. Kanwa ce matsalar. Likitoci a Zariya, tun shekarun 1970, sun danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciya bayan haihuwa. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki, a kai ta asibiti a ranar.

Aikin aji: Rubuta waɗannan kalmomi sau 3: dakashi, jego, kanwa. Sannan ku tattauna: a gidanku, wa ke yanke abin da jariri zai fara sha?