Idan Aka Ɗora Ka a Kan Abokan Aikinka na Jiya

Takardar ƙarin girma tana zuwa da murna, 'yan uwa su yi ta kira, a gida a yi addu'a. Amma ranar Litinin da za ka shiga ofis a matsayin shugaban sashe, waɗanda za su miƙe su gaishe ka su ne waɗanda kuke cin ƙosai tare da safe, kuke gunagunin maigida tare. Wani ya girme ka, wani ya riga ka kama aiki, wani kuma ya daɗe da sa rai kujerar tasa ce. Hausawa na cewa ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Na yi shekaru a ɓangaren mulki na aikin gwamnati, kuma abin da na gani shi ne watanni ukun farko ke nuna ko mutanen nan za su bi ka da zuciya ɗaya ko za su bi ka don dole.

Kafin ka zauna a kujerar, ka karɓi takardar miƙa aiki a rubuce, da sa hannun wanda ka gada. A lissafa fayilolin da ba a gama da su ba, da kuɗin da aka karɓo na aiki ba a kawo rasit ba, da kayan ofis: kwamfuta, na'urar buga takardu, mota, makullai. Ka kira jami'in sito ku zaga ku ƙirga da idonka. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, wanda suka tarar a kujera shi za su tambaya.

A makon farko kada ka tara mutane ka yi musu dogon jawabi. Sun san ka, sun san muryarka, jawabi ba zai ƙara maka komai ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka fara da dattijon da ya fi kowa daɗewa. Kai za ka tashi ka same shi a teburinsa, ba masinja za ka aika ba. Ka ja kujera ka zauna, ka ce: "Malam, a hannunka na koyi rubuta bayani a fayil, ban manta ba. Ga shi an ɗora mini nauyi, kuma ba zai yiwu ba sai da ku. Me kake ganin ya fi damun sashen nan?" Ka yi shiru ka saurara, ka rubuta. Idan da Malam kake ce masa, ko Baba, ko Hajiya idan mace ce, kada sunan ya canza don ka samu muƙami. Haka za ka tambayi kowa, har direba da mai shara. Daga abin da suka faɗa, ka zaɓi ƙaramin abu guda da ke hannunka, ko da fankar da ta lalace ce ko jadawalin hutu da ya rikice, ka gyara cikin mako biyu. Da wannan za su gane cewa magana da kai tana da amfani.

Wanda ya so kujerar bai samu ba, kada ka yi kamar ba ka sani ba, kada kuma ka mai da shi abokin gaba. Ka ba shi aiki mai nauyi wanda za a ga sunansa a kai, ka faɗa masa dalili: shi ya fi kowa sanin wannan fannin. Yana iya ɗaukar lokaci kafin ya huce. Ka ba shi lokacin, muddin aikin na tafiya.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Ba a cika auna shugaban sashe da manyan tsare-tsare ba. Da rabon ƙananan abubuwa ake auna shi: wa aka tura kwas, wa ya tafi aikin da ake biyan alawus ɗin tafiya, wa aka sa a kwamiti, wa ya samu hutu a watan azumi ko lokacin Kirsimeti. Ma'aikaci zai iya yafe maka tsawa, amma ba ya manta cewa shekara uku ana zuwa bita Kaduna da Abuja ba a taɓa sa sunansa ba. Ka sayi littafin rajista mai bangon kwali, ka ja layi huɗu: suna, inda aka je, kwana nawa, da rana. Duk wanda ya fita, a rubuta, har da kai. Ka ajiye shi inda kowa zai iya buɗewa. Idan gurbin horo ya zo, ko na kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON da ke Topo a Badagry ne ko ƙaramar bita a cikin gari, ka buɗe littafin kafin ka buɗe baki. Idan aikin na buƙatar ƙwarewa ta musamman har dole a tsallake layi, ka faɗi dalilin a fili, ka kuma faɗa wa wanda aka tsallake cewa na gaba nasa ne, sannan ka cika alkawari.

Abu guda yana yi mini ciwo a nan. Sau da yawa ana cire sunan mace a ce ai tana da yara, ba za ta iya tafiya ba, alhali ba wanda ya tambaye ta. Ka tambaye ta. Ita ta san gidanta. Kwas ɗin da aka hana ta yau shi za a nema a takardunta ranar tantancewa don ƙarin girma.

Abokinka na kusa kuwa, da ɗan garinku, su ne jarrabawarka. Ka same su tun da wuri ka ce zumunci na nan, biki da suna da ta'aziyya duk za ka zo, amma a ofis layi ɗaya kowa zai bi. Hirar gulmar manya da kuke yi a da, ka janye daga cikinta a hankali ba tare da wa'azi ba. Abin da ka faɗa da wasa jiya, yau ya zama maganar shugaba.

Gyara kuma a keɓe ake yin sa. Kada ka fara da takardar tuhuma, domin tana shiga fayil ɗin mutum ta bi shi har gaban kwamitin ƙarin girma. Ka kira shi, ka rufe ƙofa, ka faɗi abin da ya faru da ranarsa: "Rahoton da ya kamata ya fita ranar Laraba bai fita ba sai Litinin, kuma wannan ne karo na biyu. Lafiya?" Kada ka ce masa malalaci ne. Wani lokaci za ka tarar mahaifiyarsa ce a asibiti, wani lokaci bai iya aikin ba ne yana jin kunyar faɗa. Ku tsai da abin da za a yi da ranar da za a duba, ka rubuta a littafinka. Idan ya maimaita, gargaɗi a rubuce, sannan tuhuma kamar yadda ƙa'idojin aikin gwamnati suka tanada. Amma taɓa kuɗi, ko jabun takarda, ko cin zarafin mace a wurin aiki, waɗannan ba na lallashi ba ne, ranar da ka sani ranar za ka rubuta. Yabo shi ne na bainar jama'a. Idan Darakta ya yaba wata takarda, ka ce: "Ranka ya daɗe, wance ce ta rubuta." Ba abin da zai rage ka.

Wajen cika fom ɗin APER, wato takardar auna ƙwazon ma'aikaci ta ƙarshen shekara, kada ka bai wa kowa maki mafi girma don a rabu lafiya, wannan zalunci ne ga mai ƙoƙari. Gwamnatin tarayya ta koma tsarin da ake kira PMS, inda ake yarjejeniya kan abin da ma'aikaci zai cim ma tun farkon shekara. Ko a wurinku ba a fara ba, kai ka yi: ku zauna a watan Janairu ku rubuta abu uku ko huɗu, ku riƙa dubawa duk wata uku.

Maigidanka na sama yana son abu biyu: kada ya ji mummunan labari daga bakin wani, kuma idan ka kawo matsala ka zo da shawarar mafita. Idan ya ba ka umarni da baki a kan abin da ya shafi kuɗi, ka roƙa cikin ladabi: "Yallaɓai, a taimaka a sa mini a fayil don in samu madogara." Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Kada hidimar mutane ta sa ka manta da kanka. A aikin tarayya, daga matakin albashi na 7 zuwa na 14 sai an yi aƙalla shekara 3 kafin a cancanci ƙarin girma, daga na 15 zuwa sama shekara 4, ritaya kuma a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ka ɗauki biro ka lissafa matakai nawa suka rage maka, za ka ga faɗuwa jarrabawar ƙarin girma sau ɗaya ba ƙaramar asara ba ce. Ka riƙa karanta ƙa'idojin aiki da na kashe kuɗi kaɗan-kaɗan, ba sai jarrabawa ta ƙarato ba. Ka buɗe fayil naka na kanka, duk aikin da ka kammala ka saka kwafi ko ka rubuta layi biyu a kai. Ka shiga ƙungiyar ƙwararru ta fanninka, ICAN ko ANAN ga akanta, CIPM ga mai kula da ma'aikata. Idan za ka koma karatu, ka nemi izini a rubuce kafin ka fara. Ka kuma koyi Excel da hannunka, ka daina jiran yaro ya haɗa maka alƙaluma.

Tun a wata na biyu ka zaɓi wanda zai riƙa tsaya maka. Ka riƙa tafiya da shi taro, ka bar shi ya rubuta daftari kai ka duba, ka nuna masa dalilin kowane gyara. Idan hutunka ya zo, ka miƙa masa aiki a rubuce, ka sanar da Darakta, ka faɗa masa abubuwan da zai yanke da kansa da waɗanda zai jira ka dawo.