Yadda ake atisayen madubi bayan shanyewar ɓarin jiki

Ƙwaƙwalwa tana saurin gaskata abin da ido ya gani. A kan haka masanin ƙwaƙwalwa Ramachandran ya gina dabarar madubi a shekarun 1990, da farko don masu jin zafi a gurbin hannun da aka yanke, daga baya aka kai ta ga masu shanyewar ɓarin jiki. Dabarar ita ce hoton lafiyayyen hannu a madubi ya sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka shanyayyen ne ke motsi.

1. Majinyaci ya zauna daram, hannuwa biyu a kan tebur.

2. A cire zobe da agogo daga lafiyayyen hannu. Kada a raina wannan, domin zobe ɗaya ya isa ya tona asirin madubin.

3. A tsayar da madubi daidai tsakiyar ƙirji, yana fuskantar lafiyayyen hannu, shanyayyen kuma yana ɓoye a bayansa.

4. Kafin kowane motsi, ya zuba wa hoton ido har ya fara jin kamar shanyayyen hannunsa yake kallo. Nan ne zuciyar aikin. Wani nan take yake jin haka, wani sai ya daɗe, don Allah kada a gaggauta shi.

5. Sai motsa lafiyayyen hannun a hankali, ido na kan madubi: dunƙule hannu da buɗewa, lanƙwasa wuyan hannu, kifewa da juyawa. Idan likitan gashin ƙashi ya amince, ɓoyayyen hannun ma ya riƙa gwadawa.

Minti 15 zuwa 30 a rana, ana maimaitawa na makonni. In jiri, tashin zuciya ko zafi ya taso, a dakata a sanar da likita.