Yadda Ake Sake Shirya wa Jarrabawar Shiga Likitanci Bayan An Faɗi

Duk shekara idan jerin sunaye ya fito, za ka ga yara a Garwa sun duƙufa kan waya, suna ta jan allo sama da ƙasa ko Allah zai sa a ga suna. Na daɗe ina koyar da shimi, wato kimiyyar sinadarai, a lise, wato babbar sakandare, da yamma kuma ina yi wa masu shirin konkur, jarrabawar gasar shiga likitanci, bita. Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda ya faɗi bara yakan dawo bana da littafin bara da salon karatun bara, iyaka dai ya ƙara awoyin zama. Ƙanena, in ka yi haka, sakamakon bara za ka sake gani.

Ka san dai tun 2013 jarrabawa ɗaya ake yi a duk Kamaru don shiga likitanci da haɗa magunguna da likitancin haƙori, ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi. Kana zaune a Marwa, amma da ɗan Yawunde da ɗan Duwala da ɗan Bamenda kake takara. Samun sashen likitanci a Garwa ya kawo mana karatun kusa da gida, amma ƙofar shiga tana nan yadda take.

Mataki na farko: gano inda ka zube

Kafin ka buɗe kowane littafi, nemo tambayoyin shekarar da ka faɗi. Zauna a ɗaki kai kaɗai, ajiye agogo a gabanka, ka sake yin jarrabawar cikin lokacin da aka ba ku ranar. Bayan ka gama, ɗauko kowace tambaya da ka kuskure ka rubuta dalili a gefenta. Dalilan ba sa wuce uku: ban san darasin ba, na sani amma na yi gaggawa, ko lokaci ya ƙare ban iso wurin ba.

A nan ake jin kunya, shi ya sa yara ke tsallake wannan mataki. Sai yaro ya ce mini ai magudi aka yi, ai sai kana da wani a sama. Ni ba na jayayya da shi, takardar kawai nake miƙa masa. Sau da yawa kafin la'asar ya gano da kansa cewa fizik ce ta kayar da shi. A bak, wato jarrabawar kammala sakandare, akwai rukuni-rukuni: ɗan Bak D yawanci a fizik da lissafi yake rauni, ɗan Bak C kuma a biyoloji, domin awoyin da aka ba kowannensu a aji ba ɗaya ba ne. Darasin da kake gudu, shi za ka ba safiyarka, tun daga asuba.

Mataki na biyu: daina hadda, koma atisaye da agogo

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma nan na ga mafi yawan hazikai sun faɗi. Mu da muka tashi da allo mun iya hadda, ni'ima ce babba. Ita ta ci mana probatuwar, jarrabawar da ake yi shekara guda kafin bak, da shi kansa bak ɗin, inda ake ba ka fili ka yi bayani, malami ya ga hanyar da ka bi ya ba ka rabin maki. Konkur kuwa tambayoyin zaɓi ne, waɗanda ake kira QCM. Amsa ɗaya ce daidai, sauran an tsara su ne su yi kama da ita, kuma babu mai duba hanyarka.

Akwai wata yarinya da na koyar, duk ajin ba wanda ya kai ta. Tana iya zayyano maka rabuwar ƙwayar halitta daki-daki ba tuntuɓe. Na ba ta tambaya: ruwan asid HCl mai ƙarfin 0.01 mol a lita, nawa ne pH ɗinsa? Ta jawo takarda ta fara rubuta ƙa'ida, ta ja layi da rula, ta yi minti uku kafin ta ce 2. Amsar daidai ce, amma a zauren jarrabawa minti ukun nan tambayoyi uku ne suka wuce ta. Irin wannan tambaya da ido ake amsa ta. Haka nauyin mol ɗaya na gulukos, giram 180. Haka rabon 3 da 1, da na 9, 3, 3, 1 a darasin gadon halitta. Haka kuromozom 46 a ƙwayar jikin mutum, 23 a ƙwayar haihuwa. Su zauna maka a kan harshe kamar lambar wayar gidanku.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su yi, kuma ban yarda da wata hanya ba. Kullum tambaya 40 da agogo. Wadda ta gagare ka cikin minti ɗaya, yi mata alama ka wuce, ka dawo mata a ƙarshe. Sannan ka sayi littafin rubutu guda, na kurakurai kaɗai: tambayar, amsar da ka zaɓa, da abin da ya ruɗe ka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi kaɗai za ka karanta. Bayan wata biyu za ka ga kuskure iri ɗaya yana ta maimaita kansa, sau da yawa ma kalma ɗaya ce ta Faransanci a cikin tambayar, irin "sauf" mai nufin ban da, wadda ido ke tsallakewa.

Da tsohuwar zuma ake magani, don haka tara tsofaffin tambayoyi na shekaru da dama. Kada ka yarda da amsoshin da ke yawo a WhatsApp ido rufe, na sha ganin kuskure a cikinsu. Ku haɗu ku huɗu, ku yi karo-karon kuɗin fotokofi, kowa ya kare amsarsa a gaban sauran. Fiye da huɗu hira ce. Azuzuwan shiri masu tsada kuwa, in mahaifinka na da hali, to, amma kada a sayar da sa saboda su. Tambayi mai ajin sau nawa yake yin jarrabawar gwaji da agogo a wata. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Mataki na uku: kada shekarar ta tafi a banza

Yi rajista a sashen kimiyya na jami'ar Ngaundere da ke Dang, ko ta Marwa. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa dubu 50 ne a shekara. Darussan shekarar farko na biyoloji da shimi za su ƙarfafa ka, kuma in konkur ɗin bai yiwu ba, kana da shekara ɗaya a hannu. Sai dai ka kula, tambayoyin daga manhajar sakandare suke fitowa, kada zurfin jami'a ya ɗauke maka hankali daga littafin ajin ƙarshe.

Ke kuma ƙanwata, na san shekarar jira ita ce shekarar da ake fara kawo maganar aure. Karatun likita shekara 7 ne. Samu Baba ko Kawu, wanda ake jin maganarsa a gida, ki nuna masa jadawalinki da katin jami'a. Iyaye sun fi sakin jiki idan sun ga abu a rubuce.

Mataki na huɗu: takardu

Ɗan yayana ya yi shiri na wata takwas, sai a wajen miƙa dosiye, wato takardun neman shiga, aka ga shekarar haihuwa a takardar haihuwarsa ta saɓa da wadda ke kan sakamakon bak. Gyaran sai ta kotu, kafin a gama an rufe karɓa. Yau ɗin nan jera takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, sakamakon probatuwar da na bak, ka duba suna harafi-harafi da kwanan wata. Mahamat a nan, Mohamadou a can, matsala ce. Akwai kuma iyakar shekaru, karanta sanarwar bana da idonka, kada ka dogara da ta bara. Tambarin hukuma da aka buga maka bara ma sake sabo, ka tanadi kuɗin tambur tun da wuri.

Sauran kuwa ka san su. Mako guda kafin ranar, daina sabon darasi, littafin kurakurai kaɗai. In cibiyarka a wani gari take, isa da kwana biyu, ka je ka ga zauren da ƙafarka, ka san nawa ɗan acaɓa zai karɓa daga masauki. Biro biyu, katin ɗan ƙasa, takardar shaidar rajista, duk a leda ɗaya tun daren.