Yadda na gyara kuɗin rashin aiki da suka maƙale a Niyok

Da kamfanin da nake wa aiki ya rage ma'aikata, na nemi tallafin rashin aiki na jihar Niyok da ke Amurka. Takardar lissafi ta zo, wai albashina bai kai ba. Haba! Shekara biyu ina tashi da asuba.

Ashe ba watannin ƙarshe suke dubawa da farko ba. Shekara kashi huɗu ce, wata uku-uku, kuma kashi huɗu na farko cikin biyar da suka cika ake lissafawa. Da na duba layi-layi, sai na ga albashin wata shida babu. Kamfanin ya kuskure lamba ɗaya a lambata ta Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji.

Na tattara takardun albashi da W-2, wato takardar da kamfani ke bayarwa mai nuna albashin shekara da harajin da aka cire, na cika fom ɗin neman sake dubawa kafin kwana 30 su cika. Abin da ya cece ni shi ne ban daina tabbatar da buƙatata kowane mako ba, ina rubuta wuraren da na nemi aiki. Da aka gyara, har kuɗin makonnin baya suka shigo.

Na kuma zaɓi a riƙa cire kashi 10 na harajin tarayya, don tallafin ma ana biya masa haraji.