Kafin ki cire yaranki daga makaranta a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa, sannunku da hanya, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Maganar karatun gida nake so mu yi, abin nan da suke ce wa homsukul, dan kusan duk wacce ta iso da ƙananan yara bata wata uku sai ta fara tambaya a kai. Yaro ya dawo makaranta da wata kalma da bata taɓa ji a bakinsa ba, ko an turo takarda cewa za a yi musu darasi kan balaga da jinsi, ko tana masa faɗa yana kallonta ido cikin ido yana mayar mata, sai hankali ya tashi, sai wata ta ce mata ai cire su kawai ki koyar da abinki a gida doka ta yarda. Eh gaskiya ne doka ta yarda, a duk jihohi 50, kuma masu yi suna da yawa, lokacin korona ma hukumar ƙidaya ta ce gidajen da ke yi sun tashi daga kashi 5.4 zuwa 11.1 cikin ɗari a 2020 kaɗai. Amma dan Allah 'yar uwa kar ki bari tsoro ya yanke miki wannan hukuncin tun kafin ki san gari.

Ki fara sanin abin da zaki bari. Makarantar gwamnati kyauta ce har aji 12, kuma tun hukuncin kotun ƙoli na 1982 babu mai ikon hana yaro shiga saboda takardun zaman iyayensa. Akwai malamai na musamman masu koya wa yaron da ya zo daga wata ƙasa Turanci, akwai abincin rana kyauta ko da rahusa in samunku bai kai wani mataki ba, in kuma yaron na da lalura irin jinkirin magana ko wahalar gane karatu, dole su auna shi su tsara masa taimako baki biya ko sisi ba. Ranar da kika cire shi yawancin wannan ya dawo wuyanki. Shi kuma darasin da ke tada miki hankali, a mafi yawan jihohi kina da ikon rubuta takarda ki ce kar a saka ɗanki a ciki, ki shiga ofis ki ce a nuna miki abin da za a koyar, haƙƙinki ne ba alfarma ba. Ni da za a bi tawa, a bar su su yi ko shekara ɗaya ce, kunnensu ya buɗe da Turancin nan, ke ma ki ga me ake koya wa sa'anninsu.

Toh in kin auna kin ga gidan dai shi ya fi muku, abu na farko doka, kuma kowace jiha da tata, dan haka kar ki ɗauki abin da ƙawarki ta Houston a jihar Texas take yi ki ce zaki yi a Bronx a jihar New York. A Texas ba sai kin yi rajista da kowa ba, dokar kawai ta ce ki yi da gaske, da rubutacciyar manhaja mai karatu, haɗa baƙi, nahawu, lissafi da tarbiyyar zama ɗan ƙasa na gari. New York kuwa aiki ne ja, zaki tura takardar niyya kafin 1 ga Yuli, ko cikin kwana 14 in tsakiyar shekara kika fara, sannan ki cike tsarin karatun shekara da suke kira IHIP, ki riƙa tura rahoto sau huɗu a shekara, a ƙarshe a yi wa yaro gwaji, kuma awa 900 ake nema daga aji 1 zuwa 6, awa 990 daga aji 7 zuwa 12. A Pennsylvania sai mai koyarwar na da shaidar gama sakandare, a tura takardar rantsuwa kafin 1 ga Agusta, a tara ayyukan yaro a fayil wani malami ya duba a ƙarshen shekara, dan haka ki nemo satifiket ɗinki ki ajiye kusa. Kuma ko a ina kike, in an riga an saka yaro a makaranta kar ki daina kai shi haka kawai, ki rubuta takardar cirewa ki riƙe kofi, in ba haka ba a wurinsu fashi yake yi, fashi kuma na iya kai iyaye gaban kotu.

Waɗanda suka sauka wasu ƙasashe su kula. A Jamus haramun ne a doka, dole yaro ya je makaranta, ana cin tarar iyaye. Faransa tun 2022 sai an nemi izini an bayar. A Ingila an yarda, sai dai kuɗin jarrabawar sakandare ta GCSE da neman wurin da yaro zai zauna ya rubuta duk naku ne.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da mutane basu cika sani ba, makarantar gwamnati ta intanet, irin su Connections Academy da K12 a jihohin da ke da su. Yaro na gida a gaban kwamfuta amma ɗalibin gwamnati ne, kyauta, da malamansa da jarrabawarsa da difuloma a ƙarshe. Manhajar tasu ce ba taki ba, amma ga wacce Turancinta bai zauna ba wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai maganar manhaja, nan ne ake zubar da kuɗi. Zaki shiga intanet ki ga kwali guda da littattafan shekara gaba ɗaya masu kyan hoto, ɗaruruwan daloli kan yaro ɗaya. Ki sani manyan kamfanonin wannan harka da yawa na Kiristoci ne, irin Abeka da BJU Press da Sonlight, kuma basu ɓoye ba, addininsu na cikin darasin kimiyya da tarihi har da jimlolin koyon rubutu, dan haka iyalin Musulmi su buɗa samfuri su karanta kafin su biya, 'yan uwanmu Kiristoci ma su duba ko ya dace da koyarwar cocinsu. Lissafi shi ya cancanci ki kashe masa kuɗi. Saxon maimaici ne kullum, yana yi wa yaron da ke saurin mantuwa, Singapore Math kuma batutuwa kaɗan ne amma ana nutsewa ciki, da zane-zanen sanduna da ke sa yaro ya ga lissafin da idonsa. Khan Academy, shafin darussa na intanet, kyauta ce, katin laburare kyauta ne, kuma ana samun littattafan hannu wurin iyayen da yaransu suka wuce ajin. Akwai masu bin ra'ayin John Holt, wani malami Ba'amurke, na barin yaro ya bi abin da ransa ke so ba jadawali, ni dai ban ga ya dace da mu ba, masu yinsa yawanci sun san tsarin ƙasar ciki da bai, in abu ya karkace sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Daɗin abin fa akwai shi, ba zan ɓoye ba. Bayan asuba a yi hadda kai na sanyi, a karya, ƙarfe tara a zauna a teburin cin abinci a yi lissafi da karatu, yaro ɗan shekara bakwai kafin azahar ya gama dan ba jiran yara ashirin yake ba, Juma'a ya bi babansa masallaci ba sai an nemi izini ba, Hausa kuma tana zaune a bakinsa. Inda nake jin tsoro shi ne hadda ta cinye komai, yaro ya kai sha uku ya sauke amma ba zai iya raba uku bisa huɗu da rabi ba, ba zai iya rubuta shafi ɗaya da Turanci ba, kuma a ƙasar nan zai nemi abinci. Ko jiharku bata tilasta ba ki riƙa masa gwajin ƙarshen shekara ki san inda yake.

Maigida, kai ma da kai nake. Karatun gida aiki ne na cikakken lokaci, yana nufin albashi ɗaya zai riƙe haya da inshora da komai, kuma ba adalci ba ne ka yanke hukunci ka fita aiki tun safe ka bar baiwar Allah da goyo da girki da yara uku aji daban-daban, babu kaka babu ƙanwa da za ta karɓa mata. Ka ɗauki darasi ko ɗaya ne ya zama naka. Kuma ba a fita aiki a bar yara su kaɗai da sunan suna karatu, a Maryland misali laifi ne barin yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai.

Horo kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, wasu na cire yara ne dan su samu damar duka ba mai gani. Wannan lissafin banza ne. Likita da nas doka ta wajabta musu kai rahoto in sun ga tabo, maƙwabci ma waya ɗaya zai buga wa hukumar kare yara CPS, kuma duk da cewa jihohin Amurka basu hana ɗan horo mai sauƙi ba, bel ko wayar caja da ta bar shaida a jiki sunanta cin zarafi, ana iya ɗauke yara, wanda kuma bai zama ɗan ƙasa ba in kotu ta kama shi da wannan laifin yana iya rasa zamansa ko da yana da girin kad, wato takardar zaman dindindin. Scotland tun 2020 da Wales tun 2022 sun hana duka kwata-kwata. Ban da doka ma, uwar da ita ce malama in ta haɗa karatu da bulala yaron ba shi da inda zai gudu, sai ya tsani littafin ya tsani zama da ita. Abin da ke aiki shi ne tsayayyen lokaci, a ajiye waya da gem sai an gama, in ya ƙi a hana shi abin da yake so ranar, kuma in kin faɗa ki cika.

Kar kuma ki kulle su. Ki nemi ƙungiyar iyaye masu karatun gida da ke haɗuwa mako-mako, masallatai da yawa na da su, ga shirye-shiryen laburare, ga ƙwallo da ninƙaya, musamman lokacin sanyi da mutum zai iya sati bai leƙa waje ba.

Jami'a kuwa tun aji 9 ake fara shirinta, dan ke ce makarantar, ke zaki rubuta takardar sakamako, kowane darasi da littafin da aka yi da makin da ya ci da shekarar, in kika bari sai aji 12 wallahi ba zaki tuna ba. Tunda uwa ce ta ba da makin, jami'o'i na son shaida daga waje, jarrabawar SAT da ake ci bisa 1600 ko ACT bisa 36 ko jarrabawar AP ta darussan matakin jami'a da ake yi a sakandare. 'Yan New York su kula, jihar bata ba ɗan karatun gida difuloma, sai a nemi wasiƙa daga shugaban makarantun gunduma ko a bi wata hanyar da suka amince da ita. Kuɗin kuma ba wasa ba, a lissafin College Board, ƙungiyar da ke shirya SAT, na 2024 zuwa 2025 kuɗin karatu kaɗai ban da ɗaki da abinci ya kai dala 11,610 a shekara a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha, 30,780 ga wanda ya zo daga wata jiha, 43,350 a mai zaman kanta, kwalejin shekara biyu kuma wajen 4,050. Ɗan karatun gida na iya cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kamar kowa, tallafin Pell da ba a biya ya kai dala 7,395 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi, amma sai ɗan ƙasa ko mai girin kad ko ɗan gudun hijira da makamantansu, wanda ke zaune kan bizar karatu ko ta aikin iyayensa baya ciki. Sauran kuma yawanci bashi ne mai ruwa, wanda da yawanmu ke gudu. Shi yasa nake matsa wa mutane kan dual enrollment, ki riƙe sunan nan ki tambaya da shi, yaro na aji 11 ko 12 ya riƙa ɗaukar darussan kwaleji ana lissafa masa su a sakandare da jami'a lokaci ɗaya. A Minnesota sunansa PSEO, a Washington Running Start, Florida ma na da nata, kuma a nan duk kuɗin darasin ba daga aljihunku zai fito ba, yaro mai ƙoƙari na iya rage shekara ɗaya har biyu. Ki kira ofishin ɗaukar ɗalibai na kwalejin da ke kusa da ku tun yana aji 9 ki tambayi me suke nema wurin ɗan karatun gida, ki kuma tabbatar jami'ar da yake hari za ta karɓi waɗannan darussan kafin ya fara. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.