Kurakuran da aka fi yi wajen nuna kwanan wata a manhaja

Wani matashi da nake koya wa Python, harshen rubuta manhaja, a nan Abuja ya taɓa kawo mini rasit ɗin da manhajarsa ta buga ɗauke da 14/37/2025, yana mamakin inda wata na 37 ya fito. Ashe %M ya rubuta a cikin strftime, umarnin da ke tsara yadda kwanan wata zai fito, kuma %M minti yake nufi, alhali %m ƙarami shi ne wata. A harshen Java kuwa akasin haka ne, domin MM shi ne wata, mm kuma minti, saboda haka wanda ya saba da ɗaya kada ya dogara da haddarsa idan ya koma ɗayan.

Wannan mai sauƙi ne, tunda ido yana kama shi. Wanda ya fi haɗari shi ne rubuta YYYY a Java maimakon yyyy wajen nuna shekara. Manyan haruffan suna ba da shekarar da makon ya faɗa cikinta ne, don haka manhaja za ta shafe kusan shekara tana aiki lafiya lau, sai ranar 30 ga Disamba 2024 ta buga 2025, domin makon ya riga ya shiga lissafin sabuwar shekara. Duk wanda bai gwada aikinsa da kwanakin ƙarshen Disamba ba, bai gama gwaji ba.

A harshen JavaScript, umarnin getMonth() da ke ba da wata daga 0 yake fara ƙirga, wato Janairu 0 ne, sai an ƙara 1.

Akwai kuma jerin rana da wata. A wurinmu 01/10/1960 ranar samun 'yancin kai ce, amma Ba'amurke 10 ga Janairu zai karanta. Abin da ya dace shi ne a adana kwanan wata bisa tsarin ISO 8601, mai fara da shekara sannan wata sannan rana, wato 1960-10-01, idan an zo nuna wa mutum kuma a rubuta sunan watan, 1 ga Oktoba 1960.

Lokacin Najeriya yana gaba da UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya, kuma yawancin sabar da ake haya, wato kwamfutocin da manhaja ke aiki a kansu, a kan UTC suke. Kuɗin da aka tura daga Wuse da ƙarfe 12:30 na dare sai ya fito da kwanan watan jiya, mai shago da abokin cinikinsa su yi ta jayayya. A adana lokacin a UTC, a juya shi zuwa Africa/Lagos a lokacin nunawa kawai, domin da wannan sunan kwamfuta ta san lokacin ƙasar nan gaba ɗaya, har da Abuja.